Shayi da Masu Sanin Ganyensa: Waiwaye a Kan Tarihinsa Daga Garin Minna

1.0 Gabatarwa

Abinci da abin sha suna daga cikin baƙin al'adun da suka fi saurin sajewa da al'umma, har a wayi gari an manta cewa baƙi ne. Shayi yana cikin irin waɗannan baƙi. Ba a noma shi a ƙasar Hausa, babu shi a cikin tsofaffin tatsuniyoyi, amma a yau da wuya a sami tasha ko kasuwa ko unguwar da ba a dafa shi. Duk wanda ya zaga garin Minna da asuba ko bayan sallar lisha, daga Kwangila zuwa Limawa, ko daga Bosso zuwa Tunga, zai tarar da shayi iri biyu. Akwai na mai tebur, wanda ake haɗawa da madara a babban kofi, a sha da burodi a tashi. Akwai kuma na 'yar ƙaramar buta a kan garwashi, wanda ake kurɓa a finjali har sau uku, ana hira ana yaba ganyen ko ana kushe shi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan nau'o'i biyu suna da tarihi mabambanci, domin kowane ya biyo tasa hanyar kafin ya iso. Haka kuma za a nuna cewa sanin ganye, wato iya bambance mai kyau da maras kyau ta hanyar gani da sansana da ɗanɗano, wanda wasu ke ɗauka sabon yayi ne na 'yan boko, shi ne ya riga isowa ƙasar Hausa. An zaɓi Minna ne, duk da cewa asalinta ƙasar Gbagyi ce, saboda a nan ne aka fi ganin inda hanyoyin biyu suka haɗu.

2.0 Asalin Ganyen da Sunayensa

Itacen shayi ɗan asalin kudu maso yammacin ƙasar Sin ne da yankunan da ke maƙwabtaka da ita, kamar Asam ta ƙasar Indiya. Mutanen Sin ne suka fara mayar da shansa fanni na ilimi. Tun wajen shekarar 760, a zamanin daular Tang, wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kan shayi, inda ya yi bayanin ƙasar da ta dace da shi da lokacin tsinkarsa da irin ruwan da ya kamata a dafa shi da shi.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa koren ganye da baƙin ganye duk daga itace ɗaya suke fitowa, sarrafawa ce ta raba su. Idan aka tsinki ganye aka gasa shi ko aka turara shi nan take, zai tsaya a korensa, da ɗacinsa da ƙamshin ɗanyen tsiro. Idan kuwa aka bar shi ya yi yaushi, aka murza shi, aka shanya shi ya sha iska har ya yi duhu kafin a busar, sai ya zama baƙi, ruwansa ya yi ja. Wannan bambanci yana da muhimmanci a nan, domin koren ganye ne ya fi bin hanyar Sahara, baƙi kuwa ya biyo teku.

Harshe ma ya adana wannan tarihi. A mafi yawan sassan ƙasar Sin ana kiran ganyen ca. Wannan suna ne ya bi hanyoyin fatauci na tudu ya shiga Farisanci, daga nan ya shiga Larabci a matsayin shay, Hausawa suka ara suka ce shayi, kalmar da ta zo ta yi kama da wata tsohuwar kalma mai nufin kaciya. A gaɓar tekun lardin Fujiyan kuwa ana cewa te, kuma wannan lafazi ne 'yan kasuwar Holan suka kai Turai a farkon ƙarni na 17, wanda ya zo mana ta bakin Ingilishi a matsayin ti. Kalma ta uku ita ce ataya, wadda ta samo asali daga atay ta mutanen Maroko, ta ratso Muritaniya da Senegal da Mali kafin ta iso bakin samarinmu. Bayan waɗannan, Bahaushe ya ƙirƙiri nasa sunayen: ruwan zafi, da kuma ruwan bunu ga wanda ba a sa wa madara ba.

3.0 Hanyar Sahara

A nahiyar Afirka ta Arewa, shayi ya fara ne a matsayin abin fada. A ƙarni na 18 jakadun Turai sukan kai shi kyauta ga sarakunan Maroko, kuma ya daɗe bai wuce gidajen sarauta da na attajirai ba. Sai a ƙarni na 19 ne ya sauko ga talakawa, sa'ad da jiragen Ingila suka riƙa sauke koren ganyen Sin da sukari a tashoshin Tanja da Sawira. Ana yawan danganta wannan bunƙasa da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, wanda ya toshe wa 'yan kasuwar Ingila wasu kasuwanninsu na arewacin Turai. Daga waɗannan tashoshi ne ayarin raƙuma ya ɗauki ganyen zuwa Shingiti da Tambutu. Shigarsa ba ta kasance ba tare da gardama ba, domin malaman waɗannan ƙasashe sun yi rubuce-rubuce a kan halascinsa da halascin sukarin Turai, wasu suna ganin ɓarnar dukiya da lokaci ne, wasu suna ganin yana taimaka wa mai karatun dare.

Ƙasar Hausa kuwa tana da tata hanyar, wadda ta taso daga Tarabulus ta bi Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram ta dire a Kano da Katsina. Larabawan Gadamas da na Tarabulus sun zauna a Kano, musamman a unguwar Dandalin Turawa, tun lokacin da kalmar Turawa take nufin Larabawa. A gidajensu ne aka san gurasa da alkaki, kuma a irin waɗannan zaurukan ne manyan fatake da masu sarauta suka saba da shayi. A farkon ƙarni na 19 abin bai zama ruwan dare ba. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano da Sakkwato a shekarar 1824, ya ba da labarin yadda yake miƙa wa masu ziyartarsa shayi, wasu su karɓa da ɗari-ɗari. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci sukari a cikin hajojin da ake kawowa daga arewa. Ke nan abokin tafiyar shayi ya riga ya sami kasuwa. Zuwa ƙarshen ƙarnin, shan shayi ya watsu a tsakanin Larabawan Libiya da Azbinawa, kuma zawiyoyin ɗariƙar Sanusiyya da ke kan hanyoyin fatauci sun taimaka wajen yaɗa shi. Alhazan da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙasa su ma sun komo da ɗabi'ar, har da sanya masa kayan ƙamshi.

Abin lura a nan shi ne, wannan shayi kayan alfarma ne mai tsada, wanda ya yi wata da watanni a bayan raƙumi. Mai saye dole ya san abin da yake saye, domin ganyen da ya sha danshi ko ya kwana kusa da turare ya tashi aiki. Wannan ƙwarewa ba ta yi wa Bahaushe wuya ba, saboda ya riga ya mallaki irinta a kan goro. Mutumin da ke bambance daushe da sabon goro, ya ware marsa daga minu, ya san darajar goron Gwanja da na Laboji ta ƙasar Nupe, wadda ke cikin Jihar Neja a yau, ba ya bukatar a koya masa cewa abin marmari yana da daraja hawa-hawa. Harshen da goro ya horar, shi ne ya karɓi shayi.

4.0 Hanyar Teku da Dogo

Kafin zuwan Turawan mulki, Minna ƙauyukan Gbagyi ce a kan duwatsu. Abin da ya mayar da ita gari shi ne hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, wadda aka fara shimfiɗawa a 1907 aka kammala a 1911. A Minna ne wannan hanya ta haɗu da wadda ta taso daga Legas ta bi Jebba da Zungeru, hedikwatar mulkin Arewa ta wancan lokaci. Leburori da 'yan kwangila da maƙera da akawuna suka taru daga ƙasar Hausa da Nupe da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, kuma sunayen unguwanni irin su Kwangila da Makera da Sabon Gari suna nuni ga wannan asali.

Wannan dogo da ya gina Minna shi ne ya karya fataucin Sahara. Kayan da raƙumi ke kawowa Kano cikin watanni, jirgi ya riƙa kawo su daga bakin teku cikin kwanaki, a kan farashi mai rahusa. A shekarar 1911 ɗin ce kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, sa'an nan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ya tarwatsa Azbin. Daga nan sai shayi ya sauya hanya, ya kuma sauya kama. Wanda ya biyo teku baƙin ganye ne daga gonakin da Ingilishi suka kafa a Asam da tsibirin Silon, inda Thomas Lipton ya sayi gonaki a 1890, daga baya kuma daga Kenya. Kantunan kamfanoni irin su John Holt da U.A.C., wanda aka kafa a 1929, su ne suka riƙa sayar da shi a cikin kwali mai tambari, tare da madarar gwangwani da sukari mai ƙwaya.

Ma'aikacin jirgi da ɗan dako da akawun ofis mutane ne masu aiki da agogo. Bukatarsu ita ce abu mai zafi, mai riƙe ciki, wanda ba ya cin lokaci. Wannan bukata ce ta haifar da sana'ar mai shayi a tashoshi, inda ya zauna kafaɗa da kafaɗa da mai koko da ƙosai. Sojojin da suka komo daga yaƙin Bama bayan 1945 sun zo da sabon shan shayi da madara na bariki, makarantun kwana da asibitoci su ma suka sa shi a cikin abincin safe. Sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiri Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka ƙaru, teburan masu shayi suka yawaita. Bayan da taliyar Indomie ta yaɗu a shekarun 1990, sai teburin ya zama cikakken gidan abinci.

Sai dai wannan hanya ta rage wa ganyen daraja a idon mai sha. Tun farkon shekarun 1930 aka ƙera injin da ke niƙe ganye ya mayar da shi ƙananan ƙwayoyi, domin ya yi saurin ba da launi. Irin wannan niƙaƙƙen ganye da garinsa ne ake ɗurawa a 'yar jakar takarda mai zare, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a farkon ƙarni na 20. Kamfani yakan gauraya ganyen gonaki da yawa domin ɗanɗanon ya zama ɗaya kullum. Saboda haka mai sha ba ya ganin ganyen, balle ya tambayi asalinsa. A teburin mai shayi ana auna gwaninta ne da kaurin haɗi da iya sheƙawa daga kofi zuwa kofi, har ta kai sunan kamfani ɗaya, Lipton, ya zama sunan ganyen baki ɗaya a bakin jama'a.

5.0 Komowar Koren Ganye

Tsohuwar hanya ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984 zuwa 1985, ya hallaka dabbobin makiyaya masu yawa a Nijar da Mali. Buzaye da dama suka gangaro biranen Nijeriya, har da Minna, suka kama aikin gadi a gidaje da shaguna da wuraren gine-gine. Kowane ya zo da 'yar butarsa da murhun waya da finjalai a cikin jaka. Mai gadi yana da abin da ma'aikacin jirgi ba shi da shi, wato dogon dare. A ƙofar gidajen da suke gadi ne samarin unguwa suka riƙa zama suna koyon abin da suka kira shayin Buzaye.

A farkon shekarun 1990 kuma, bayan Babban Taron Ƙasa na Nijar na 1991, ƙungiyoyin hira na samari da ake kira fada suka yawaita a Damagaram da Yamai da Maraɗi, kuma butar shayi ce cibiyar kowace fada. Masaniya Adeline Masquelier ta wallafa littafi a kan wannan al'ada a 2019, inda ta danganta ta da rashin aikin yi da neman mutunci a tsakanin matasa. A Nijeriya irin wannan zama shi ake kira majalisa. Shige da ficen 'yan ci-rani da ɗalibai da 'yan kasuwa ya sa al'adar ta ƙara kafuwa, har ta shiga gidajen biki da zaman bayan tarawihi a watan azumi.

6.0 Ma'aunan Sanin Ganye

Masu wannan shayi suna da ƙa'idoji, ko da yake a ka suke, ba a takarda ba. Ana iya kasa su kamar haka:

(a) Siffar ganye. Koren ganyen Sin da ke shigowa Afirka ta Yamma iri biyu ne mafi shahara. Akwai dunƙulalle kamar ƙwayar harsashi, wanda lardin Zhejiang ya yi suna a kansa, akwai kuma siriri mai lanƙwasa, wanda mutanen Sin ke kamanta shi da gira. Lambobin da ke jikin kwali, irin su 3505 ga dunƙulalle da 4011 da 41022 ga siriri, alamun daraja ne. Masani yakan zuba kaɗan a tafin hannu ya duba ko yana ƙyalli, ko ya yi gari, ko akwai itatuwa a ciki.

(b) Ƙamshi. Sabon ganye yana da ƙamshin tsiro da ɗan hayaƙi. Wanda ya daɗe yakan yi warin rumbu, kuma ba a iya ɓoye wannan da sukari.

(c) Wanki da dafuwa. Ana fara ɗauraye ganyen da ruwan zafi domin a fitar da ƙura da kaifin ɗaci. Mutanen Sin jiƙa koren ganye suke yi na ɗan lokaci a ruwan da bai kai tafasa ba, amma mutanen Sahara dafa shi suke yi a kan garwashi mai sanyin wuta. Doguwar dafuwa ita ke fito da bauri, shi ya sa ake bukatar sukari mai yawa.

(d) Kumfa. Ana ɗaga buta sama a tsiyaya, a mayar, a sake tsiyayawa, har kumfa ta taru a finjali. Wannan yana gauraya sukari, yana rage zafi, kuma shi ne shaidar hannun gwani.

(e) Zagaye uku. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na fari mai ɗaci ne, na manya, na biyu matsakaici, sau da yawa da na'a-na'a, na uku kuwa mai zaƙi ne marar ƙarfi. Mutanen Sahara sukan kamanta ukun da mutuwa da rayuwa da ƙauna, ko da yake jerin yakan bambanta daga wuri zuwa wuri. Tashi kafin na uku rashin ladabi ne ga mai dafawa.

Mutanen Muritaniya sun taƙaita sharuɗɗan shayi a abubuwa uku: jama'a da garwashi da jan lokaci. Hausawa kuwa sun ƙara nasu, domin sun shigo da citta da kanumfari da kimba da masoro, waɗanda suka saba da su a kunu da yaji. A nan ne masu sha suka rabu biyu: wasu suna ganin kayan ƙamshi gyara ne, wasu suna ganin rufa asirin mugun ganye ne. Wannan saɓani kansa hujja ce cewa akwai ma'auni.

7.0 Ganyen Gida

Nijeriya tana da ƙasar da shayi ke yi, wato tsaunin Mambila a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, mai tsawon fiye da mita 1,500, da sanyi da ruwan sama isasshe. A shekarun 1970 ne aka kafa babbar gonar shayi a Kakara da irin da aka kawo daga Kenya, kuma daga nan ne ganyen Highland yake fitowa. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya ma tana da reshe a Kusuku da ke nazarin itacen. Duk da haka, mafi yawan shayin da ake sha a ƙasar nan daga waje yake zuwa, kuma koren ganyen da majalisu ke dafawa na Sin ne. Idan aka yi la'akari da cewa kore da baƙi itace ɗaya ne, za a ga cewa tazarar da ke tsakanin manomin Mambila da mai buta a Minna ta sarrafawa ce da ta kasuwa. Masu sanin ganye suna nan, ganyen gida ne bai iso tafin hannunsu a siffar da suke so ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda shayi ya shigo ta hanyoyi biyu: ta Sahara, da koren ganye da ladubbansa, da kuma ta teku da dogo, da baƙin ganye da madara da gaggawa. An ga kuma yadda dogon da ya kafa Minna ya danne hanyar farko, sa'an nan fari da ci-rani suka komo da ita bayan kimanin shekara 60. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Mayu a matsayin ranar shayi ta duniya tun daga ƙudurinta na 2019, amma a irin wannan rana akan ambaci Sin da Japan da Ingila ne, a manta da mai buta a ƙofar gida. Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da al'ada: tattara kalmomin da masu shayi ke amfani da su wajen siffanta ɗaci da bauri da ƙamshi, da sunayen da suke laƙaba wa ganye, da ladubban zama. Dattawan da suka zo da wannan ilimi a shekarun fari suna ƙarewa, kuma Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.